Tseren Monako: Gasar da ake raba gardamarta ranar Asabar, a yi cece-kuce a kanta ranar Lahadi

Duk shekara, da zarar jadawalin tseren motoci na Formula 1 ya kawo kan Monako, masu bibiyar wasan kan rabu gida biyu. Wasu na ɗokin zuwan makon kamar yadda yaro ke ɗokin hawan Sallah. Wasu kuma tun kafin a tayar da inji sun yanke hukunci cewa ba tsere za a yi ba, jerin gwanon motoci masu tsada ne kawai. Duk da haka ɓangarorin biyu kan zauna gaban talabijin, kuma kowanne kan tashi da sabuwar hujjar da zai kafa wa ɗan'uwansa.

Tushen gardamar yana kan hanyar da ake tseren. Monako ƙasa ce 'yar mitsitsiya a gaɓar Bahar Rum, Faransa ta kewaye ta ta tudu, faɗinta gaba ɗaya bai fi murabba'in kilomita 2 da ɗan ɗoriya ba. Ba ta da filin da za ta keɓe wa tsere, saboda haka titunan da jama'a ke bi zuwa aiki da kasuwa su ake rufewa, a kakkafa musu shingen ƙarfe. Zagaye ɗaya kilomita 3.337 ne, ana yin 78, jimilla kusan kilomita 260. A sauran wurare doka ta ce sai tafiyar ta kai kilomita 305. Monako aka yi wa sassauci, domin gudun da ake yi a can bai kai na ko'ina ba.

Direba zai haura tudu ya wuce ta gaban shahararren gidan cacar Monte Carlo, ya gangaro zuwa wata lanƙwasa da ake sha da gudun da bai kai kilomita 50 a awa ɗaya ba, wadda babu mai jinkirinta a duk gasar. Daga nan ya faɗa hanyar da ta ratsa ƙarƙashin wani otal, ya fito daga duhu zuwa hasken rana da gudun da ya doshi kilomita 300, sannan ya bi gefen tashar ruwa inda jiragen alfarma na attajirai ke jere. Haka ake yi tun shekarar 1929 da Antony Noghès ya shirya tseren farko, kuma fasalin hanyar bai sauya sosai ba. Motocin ne suka sauya.

Daga shekarar 2017 faɗin motar Formula 1 ya koma mita 2, tsawonta ya haura mita 5. A irin waɗannan tituna, wanda ke gaba idan ya kama tsakiyar hanya, na bayansa ko ya fi shi gudu sai dai ya bi shi da haƙuri. A 2018 Daniel Ricciardo ya rasa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin injinsa tun tseren bai kai rabi ba, amma Sebastian Vettel ya yi ta bin sa har ƙarshe bai samu kafar wucewa ba. A wata hanyar ta daban da tuni an yi masa fintinkau.

Abin da ya sa Asabar ta fi Lahadi

Makon tsere kwana uku ne. Juma'a ranar atisaye ce, Asabar ranar neman gurbi, Lahadi ranar tsere. A gwajin Asabar, kowane direba na neman zagaye guda mafi sauri. Ana tankaɗe da rairaya har sau uku, goman ƙarshe su fafata kan wanda zai tashi a sahun farko. A mafi yawan hanyoyi sahun farko fifiko ne kawai. A Monako kuwa ya yi kusa da zama kofin kansa.

Wannan ne ya sa masu kare Monako ke cewa masu sukarta suna kallon ranar da ba ita ba ce. A ganinsu babu awa ɗaya a duk shekara da ta kai ta yammacin Asabar ɗin nan, lokacin da direba ke goga tayarsa da shingen ƙarfe da gangan domin ya rage ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Babu ciyawa ko yashi a gefe da za su yafe kuskure. Wanda ya ƙara taku ɗaya ya daki ƙarfe. Suna tuna 1988, da Ayrton Senna ya ba abokin tawagarsa Alain Prost tazarar kusan daƙiƙa ɗaya da rabi a mota iri ɗaya, abin da har yau ake jinjinawa, ko da yake washegari ya daki shinge yana kan gaba da nisa. Suna kuma tuna 2023, da Max Verstappen ya shiga kashin ƙarshe na zagayensa yana bayan Fernando Alonso, ya yi ta shafar bango har ya ƙwace sahun farko da daƙiƙa 0.084. A 2025 Lando Norris ya kammala zagayen cikin minti 1 da daƙiƙa 9.954, mafi sauri da aka taɓa yi a hanyar.

Hujjar tana da ƙarfi, sai dai ba ta amsa tambayar mai sayen tikiti ko mai biyan kuɗin tashar talabijin ba: idan Asabar ta gama magana, me aka tara mutane su kalla ranar Lahadi har kusan awa biyu? Maki 25 na wanda ya zo na ɗaya ranar Lahadi ake bayar da su, ba Asabar ba.

Shekarar da ta fusata masu kallo

Abin da ya faru a 2024 shi ya kai masu suka bango. Dokar wasan ta tilasta wa kowane direba, idan babu ruwan sama, ya yi amfani da taya iri biyu a tsere guda, wato dole ya tsaya aƙalla sau ɗaya. Ita kanta canjin tayar daƙiƙa biyu zuwa uku ce, amma shiga da fita kan ci wajen daƙiƙa 20. A Monako wannan tsayawar ce kusan kaɗai ƙofar da matsayi ke sauyawa, kuma nan ne kuskuren ma'aikata ya sha kayar da gwani: a 2016 Ricciardo ya shigo ya tarar ba a fito da tayoyinsa ba, Lewis Hamilton ya tafi da kofin, a 2022 ruɗanin tawagar Ferrari ya mayar da Charles Leclerc daga na ɗaya zuwa na huɗu.

To a 2024, tun a zagayen farko Sergio Pérez da Kevin Magnussen suka yi karo a kan tudu, aka ɗaga jar tuta aka dakatar da tseren. Doka ta yarda a canja taya yayin dakatarwa, saboda haka kusan kowa ya sauke nauyin da ke kansa a tsaye, ba tare da asarar daƙiƙa ko ɗaya ba. Da aka ci gaba, sai aka koma lallaɓa taya domin ta kai ƙarshe. Direbobi goman farko suka gama a daidai jerin da suka tashi, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin gasar. An jiyo Verstappen ta rediyon motarsa yana ƙorafin gundura, har yana cewa da ya sani da ya zo da matashin kai.

Amma a wannan ranar ce kuma Leclerc, haifaffen Monako wanda ya taso a kan waɗannan tituna, ya ci tseren gida bayan sau biyu yana samun sahun farko yana tashi a tutar babu. Rabon da ɗan ƙasar ya ci tun Louis Chiron a 1931. Yarima Albert na Biyu ya kasa ɓoye murnarsa a dandalin ba da kofi. Ranar da wasu ke kira mafi gundura ita ce wadda wasu ba za su manta ba, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Maganin da ya zo da nasa ciwon

Hukumar FIA mai kula da wasan ta ɗauki mataki a 2025: ta yi wa Monako doka ta musamman, cewa kowane direba sai ya yi amfani da jerin tayoyi uku, wato tsayawa biyu. Fatan shi ne a ninka ƙofofin sauyin matsayi. Makonni kafin tseren babu abin da ake tattaunawa sai wannan doka.

Injiniyoyi suka karanta ta da idon ɗan kasuwa. Kowace tawaga motoci biyu gare ta, kuma tunda ba a iya wuce kowa, sai direban da ke baya ya rage gudu da gangan ya tare ayarin da ke biye da shi, har tazarar da ke gabansa ta ishi abokinsa ya shiga ya canja taya ya fito bai rasa matsayinsa ba. Liam Lawson ya yi wa Isack Hadjar haka a tawagar Racing Bulls, suka gama na takwas da na shida. Carlos Sainz da Alex Albon na Williams suka yi wa juna bi da bi, suka kwashi matsayi na goma da na tara. George Russell na Mercedes, da ya gaji da bin Albon, ya yanke wata lanƙwasa ya wuce shi ta haramtacciyar hanya, ya gwammace hukunci da zaman jira. Alƙalai suka tsananta masa, ya ƙare na goma sha ɗaya. Verstappen kuwa ya ƙi yin tsayawarsa ta biyu sai dab da ƙarshe, yana fatan a samu hatsarin da zai sa a ɗaga jar tuta. Ba a samu ba. Norris, Leclerc, Oscar Piastri da Verstappen suka gama kamar yadda suka tashi.

Dokar dai ta ƙara lissafi, ba ta ƙara faɗin titi ba. Sai dai masu ɗora laifin duka a kan motocin zamani su ma suna da abin dubawa. A 1992 Nigel Mansell, wanda ya ci tsere biyar na farkon shekarar a jere, ya fito daga canjin taya a bayan Senna saura 'yan zagaye, da sababbin tayoyi da motar da ta fi kowace gudu. Ya leƙa dama, ya leƙa hagu, bai wuce ba. Tazarar da ta raba su ba ta kai rubu'in daƙiƙa ba. Ana lissafa waɗannan zagaye cikin mafi daɗin kallo a tarihin wasan, alhali babu wanda ya wuce wani. Matsalar ta girmi motocin yau. In ban da ruwan sama, wanda a 1996 ya ba Olivier Panis nasara daga matsayi na 14 a ranar da motoci uku kacal suka ƙetare layin ƙarshe, ba kasafai Monako ke ba da mamaki ranar Lahadi ba.

Kujera ɗaya, masu nema da yawa

Akwai kuma batun kuɗi, wanda shi ne ke ƙarƙashin gardamar. Jadawalin ya kai tsere 24 a shekara, kuma masu neman shiga sun fi guraben yawa. Tun da kamfanin Liberty Media na Amurka ya sayi harkar a 2017, Amurka ta samu tsere uku, a Austin da Miami da Las Vegas, ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha kuma na da huɗu. Tsofaffin hanyoyin Turai ne ke matsawa: Imola ta Italiya ta fita daga jadawalin 2026, Zandvoort ta Holan ta sanar da cewa 2026 ce shekararta ta ƙarshe, Spa ta Beljiyam kuma za ta riƙa tsallake wasu shekaru. Afirka ba ta ga tseren ba tun na Kyalami a Afirka ta Kudu a 1993, ko da yake Shugaba Paul Kagame ya bayyana a Disambar 2024 cewa Ruwanda na nema, Hamilton kuma ya daɗe yana kiran a dawo nahiyar. Saboda haka idan mai kallo ya ce a cire Monako, sau da yawa yana da ƙasar da yake so a ba kujerar.

Monako ta riƙe tata, amma ta biya da gatan da ta saba da shi. Al'adarta ta yin atisaye ranar Alhamis a huta Juma'a ta ƙare a 2022. A 2023 ta miƙa wa Formula 1 ɗaukar hoton talabijin da a da gidan talabijin na ƙasar ke yi. An kuma ɗauke ta daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni daga 2026. Da wannan aka tsawaita yarjejeniyarta zuwa 2031, daga baya aka ƙara zuwa 2035. Masu harkar sun san cewa babu wurin da manyan masu talla da baƙinsu ke son zuwa kamar nan, kuma sunan na da nauyi a wajen direbobi: Senna ya ci sau shida, Graham Hill sau biyar, kuma Hill ɗin ne kaɗai ya haɗa Monako da tseren Indianapolis 500 da na awa 24 na Le Mans.

Abin da ya rage wa masu fatan sauyi shi ne sababbin motocin 2026, waɗanda aka rage wa faɗi da santimita 10 zuwa mita 1.9, aka kuma rage tsakanin tayoyin gaba da na baya da santimita 20. Ragi ne na gaske, amma motocin da aka yi amfani da su daga 1998 zuwa 2016 mita 1.8 ne faɗinsu, kuma a lokacin ma ƙorafin wucewa bai yanke ba. Ga mai kallo a Najeriya da Nijar, bisa al'ada ana fara tseren Lahadi da ƙarfe 2 na rana, gwajin neman gurbi na Asabar kuma da ƙarfe 3.