Gaskiya ko Jita-jita: Masu Rakiyar Rayukan Mamata

A fina-finai, da an ce shaman sai a nuno wani tsoho riƙe da ganga, ya fita hayyacinsa, wai ya tashi yana jan ran mamaci zuwa wata duniya. Mutane da yawa sun ɗauka haka abin yake ko'ina. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ƙarin gishirin ya fi yawa.

Gaskiyar tana gabashin Rasha. A da, mutanen Nanai na bakin kogin Amur suna da bikin da suke kira kasa, inda shaman ke raka rayukan mamata zuwa Buni, ƙasar matattu a imaninsu. Sai dai gaggan shaman kaɗai ke wannan aiki, kuma akan jinkirta bikin watanni, wani lokaci shekaru, bayan an binne gawa. Zancen cewa yana tsaye kan mai gargarar mutuwa yana jiran fitar rai, ƙirƙira ce.

Ana kuma cewa aikin maza ne. A Koriya ta Kudu yawancin masu wannan sana'a, waɗanda ake kira mudang, mata ne. A tsibirin Jindo ma, gadon sana'ar ake yi a cikin dangi, kuma babu hawan iska. Waƙa da kiɗa ne aikinsu, sau da yawa dare guda cur. Bikin nasu, ssitkim-gut, wanki ne: a nannaɗe tufafin mamaci cikin tabarma, a wanke da ruwan ganye, da ruwan turare, da ruwa tsabtatacce. Akan kuma kawo farin ƙyalle da aka ƙulla ƙulli-ƙulli, mai bikin ta riƙa warwarewa tana rawa, kowane ƙulli wani baƙin ciki ne da ya riƙe mamacin. A ƙarshe a miƙa dogon farin ƙyalle a matsayin hanya. Duk wanda ya duba tsarin nan zai ga cewa rabin aikin na dangin da ke zaune suna kuka ne. Gwamnatin ƙasar ta sanya bikin cikin jerin al'adun da take kiyayewa a 1980.

Mutanen Hmong na Laos da kudancin Sin sun ƙara rusa zancen. Shaman ɗinsu da rayayyu yake hulɗa, yana neman kurwar majinyaci da ta ɓace. In an yi mutuwa, wani masani daban ne ke rera waƙar nuna wa mamaci hanya zuwa wurin kakanninsa.

Masu cewa ai 'yan borinmu ne aka sauya wa suna, su ma sun yi gaggawa. Bori harkar iskoki ce da ciwon rayayye. Rakiyar mamaci ba ta cikin aikinsa.