Kazar Littafi da Kazar Akurki

A Amurka da Ingila, yaron birni a takarda yake fara ganin kaza. Tun yana kan cinya ake karanta masa labarin jar kazar nan da ta tsinci ƙwayar alkama, ta nemi mai taya ta shuka da girbi da niƙa, kowa ya noƙe, ranar da burodi ya gasu ita ma ta hana su. Mary Mapes Dodge ce ta buga shi a mujallar yara ta St. Nicholas a 1874, har gobe kuma ana sake zana shi. Akwai Rosie's Walk na Pat Hutchins, na 1968: kaza ta fita shan iska, yanyawa na bin sawunta yana ta faɗawa cikin wahala, ita ko a jikinta. Rubutun bai ambaci yanyawan ba ko sau ɗaya, sai a hoto, don haka yaro ke riga mai karanta masa gano abin dariyar.

Kazar littafi ba ta kashi, ba ta da ƙuma, ba ta ciwo. Da annobar korona ta kulle mutane a 2020, Amurkawa da yawa suka sayi 'yan tsaki suka kafa akurki a bayan gida, yara suka shiga runguma da sumbata. A shekarar, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta lissafa mutum sama da 1,700 da suka kamu da ƙwayar salmonela daga kajin gida, kusan ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ƙwayar tana zama a hanjin kaza ba tare da ta nuna alamar ciwo ba, ta fito a kashi, ta manne a gashi da ƙafa, daga nan hannu ya kai ta baki. Shawarar hukumar ita ce kada ƙananan yara su riƙa taɓa 'yan tsaki, manya kuma su wanke hannu da sabulu.

Mu namu a juye yake. Yaron ƙauye a Katsina ko Maraɗi ya san kaza kafin ya san baƙi. Sau da yawa ma ita ce dukiyarsa ta farko: kaka ta ba shi 'yar budurwar kaza, ta yi ƙwai, ta yi kwanci kwana 21, ta ƙyanƙyashe, ana lissafa masa cewa in sun yi albarka za a sayar a sayi akuya. Shi ke haƙo musu gara, shi ke watsa dusa da tsaki, shi ke ihu in shirwa ta kawo sura. Ya san ana saka wa kaza ƙwan zabo ta kwanta a kai. Ba ya kuma ruɗin kansa game da ƙarshenta, tunda sabo da kaza ba ya hana yanka.

Abin da bai sani ba, wanda uwarsa ma ba kasafai aka taɓa yi mata bayani ba, shi ne dalilin da ya sa kaji ke zubewa duk lokacin hunturu. Yawanci cutar Niyukasil ce, wadda aka fara ganowa a tsibirin Jaba na Indunusiya a 1926, ta kuma samo suna daga wani gari a Ingila. Kaza ta takure, ta saki fuka-fuki, tana koren zawo, numfashi na yi mata wuya, wani lokaci wuyanta ya murɗe. Cikin mako guda akurki ya zama kango. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, shi ya sa kafson da ake fasawa a kasko, da barkono, da ɓawon maɗaci, duk ba sa kashe ta. Babbar hanyar yaɗuwarta kuwa kasuwa ce: mai kaza na ganin ta fara layi sai ya ruga ya sayar da arha, mai saye ya kawo gida ya sake ta cikin nasa.

Abin takaicin, rigakafin yana nan. Nau'in I-2, wanda masana a Jami'ar Queensland ta Ostireliya suka samar, yana jure zafi fiye da sauran, don haka ya dace da ƙauyen da babu firji. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin sa. Ɗigo ɗaya ne a ido, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Yaro ɗan aji huɗu zai iya riƙe kazar a ɗiga mata.

Nan ne nake ganin marubutanmu sun bar fili. Eileen Browne ta nuna ana iya yi da Handa's Hen a 2002, inda wata yarinya a Kenya ke neman baƙar kazar kakarta, tana ƙirga halittun da ta ci karo da su, har ta same ta da 'yan tsaki goma. Kowane ɗanmu zai gane wannan kazar, don ya sha neman tasu a bayan rumbu. Amma littafin da nake so in gani da Hausa sai ya wuce ƙirga. A sa yarinya ta sayo kaza a kasuwar ƙauye, ta ware ta mako biyu kafin ta haɗa da sauran, yayanta na yi mata dariya. A zana ranar ɗiga rigakafi kafin sanyi ya shigo. A nuna ana binne mushe cikin rami mai zurfi maimakon jefawa a juji, inda karnuka za su ja shi gida-gida. A sa wankin hannu bayan sharar akurki, domin rarrafen jariri a tsakar gida mai kashin kaji yana cikin abubuwan da ke kawo masa gudawa.

Masu shirya littattafan firamare irin su Mu Karanta, da aka raba a makarantun Bauci da Sakkwato, sun riga sun san hanyar kai littafi hannun yara. Saura marubuci ya zauna da likitan dabbobi da mai zane, su kuma tambayi matan da ke kiwon wane wata kajinsu suka fi mutuwa.