Lemon Kwalba Marar Sukari Da Abincin Gaggawa: Ina Gaskiyar Maganar Rage Ƙiba?

A ƙasar Hausa, da ma sauran sassan Nijeriya, an daɗe ana ɗaukar ƙiba alamar wadata da kwanciyar hankali. In magidanci ya ajiye tumbi sai a ce wane ya samu, in kuwa amarya ta murje bayan 'yan watanni sai dangi su yi murna, su ce gidan miji ya karɓe ta. To amma likitoci ba haka suke kallon al'amarin ba, domin kuwa su ne ke ganin abin da ƙiba ke jawowa a ƙarshe, watau ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya da ciwon gwiwa, har da shanyewar ɓarin jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane mutum 8 a duniya yana fama da ƙibar da ta wuce kima, kuma yawan manya masu wannan lalura ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. A nan gida ma, binciken ƙidayar jama'a da lafiyarsu da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya zarce yadda ya kamata, alhali kuwa a wannan binciken ne aka ga kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. Ga yunwa ga ƙiba a ƙasa ɗaya, wani lokaci ma a unguwa ɗaya.

Saboda haka ne ake ganin wata sabuwar ɗabi'a a gidajen sayar da abinci na Ikko da Abuja da Kano da Fatakwal. Mutum zai sa a cika masa faranti da soyayyar kaza da soyayyen dankalin Turawa da soyayyar shinkafa, sa'an nan in aka zo wajen abin sha sai ya ce a ba shi lemo marar sukari, wai yana lura da jikinsa. Abin tambaya shi ne, ko wannan kwalba tana iya biyan bashin da farantin ya ci?

Asalin abin zaƙin da ba sukari ba

Tarihin abin ya faro ne daga ɗakin binciken kimiyya. A shekarar 1879, a Jami'ar Johns Hopkins ta ƙasar Amurka, wani masani mai suna Constantin Fahlberg ya gano sinadarin sakarin, wanda ya fi sukari zaƙi kimanin sau 300, kuma jiki ba ya samun wani ƙarfi daga gare shi, yadda ya shiga haka yake fita. A 1965 kuma James Schlatter, yana cikin aikin neman maganin gyambon ciki, ya ci karo da asfatam, wanda ya fi sukari zaƙi kimanin sau 200. Da yake ɗan kaɗan ake sawa ya wadatar, abin da yake ƙara wa jiki bai taka kara ya karya ba.

Da fari masu ciwon sukari ne aka nufa da irin wannan lemo. Daga baya kamfanoni suka lura cewa masu tsoron ƙiba sun fi masu ciwon sukari yawa, sai suka juya akalar tallarsu. Kamfanin Coca-Cola ya fito da Tab a 1963, Diet Pepsi ya biyo baya a 1964, Diet Coke a 1982, sa'an nan Coke Zero a 2005. Ba a rabu da gardama ba tun daga wancan lokaci. A 1977 wani gwaji da aka yi da ɓeraye a Kanada ya sa aka zargi sakarin da haddasa ciwon dajin mafitsara, har aka tilasta rubuta gargaɗi a jikin kayan da ke ɗauke da shi a Amurka, kuma ba a janye gargaɗin ba sai a shekarar 2000, bayan an tabbatar cewa abin da ya sami ɓerayen ba ya samun ɗan Adam.

Kafin a yanke wa marar sukari hukunci, ya kamata a dubi abin da ya zo ya maye gurbinsa. Lemon kola na yau da kullum, yadda ake haɗa shi a ƙasashe da yawa, yana ɗauke da sukari fiye da giram 10 a cikin kowace mililita 100. Ke nan kwalba mai rabin lita tana da fiye da giram 50, watau abin da ya haura ƙaramin cokalin shayi 12, kuma tana zuba wa jiki kalori 200 da 'yan kai. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki, kuma babban mutum yana bukatar kimanin 2,000 zuwa 2,500 a yini, gwargwadon girmansa da wahalar aikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke ci a yini, kimanin giram 50 ke nan, kuma in an iya rage shi zuwa giram 25 ya fi. Ashe kwalba ɗaya ta cinye rabon yini guda. Wani abin kuma, ruwa mai zaƙi ba ya ƙosarwa kamar tuwo. Mutum ya sha kalori 200 amma cikinsa bai san an yi ba.

Inda masana suka rabu

A bisa lissafi, wanda ya bar mai sukari ya koma marar sukari ya kamata ya rage nauyi. Amma a 2008 wasu masu bincike na Jami'ar Texas da ke birnin San Antoniyo, bayan sun bi diddigin dubban mutane na tsawon shekara 7 zuwa 8, sun ba da rahoton cewa masu shan lemo marar sukari sun fi waɗanda ba sa sha ƙara ƙiba. Labarin ya bazu a jaridun duniya, wasu har suka yanke cewa lemon ne ke sa ƙiba.

Sai dai a nan akwai wurin lura. Su wane ne suka fi neman lemo marar sukari? Ai waɗanda da ma ƙiba ta fara damunsu ne, ko likita ya yi musu kashedi. In aka ce lemon ne ya sa su ƙiba, kamar a ce ne tun da marasa lafiya sun fi yawa a asibiti, to asibiti ne ke kawo ciwo. Hanyar da ke raba gardama ita ce a ɗauki mutane a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗannan mai sukari, a ba waɗancan marar sukari, a zuba ido. An yi haka a ƙasar Holan da yara 'yan makaranta 641, ana ba kowane yaro gwangwani ɗaya mai mililita 250 kullum har wata 18, ba tare da ya san wane iri yake sha ba. Sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna cewa masu shan mai sukari sun ƙara kilo 7.37, masu shan marar sukari kuwa kilo 6.35. Dukkansu yara ne masu girma, dole su ƙara nauyi, amma bambancin kilo ɗaya ya fito fili. Watau dai marar sukari ya fi mai sukari dama, ko da yake ribar ba ta kai yadda masu talla ke kururutawa ba.

A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da matsayinta: kada a dogara da waɗannan sinadarai domin rage ƙiba. Hujjarta ita ce, gwaje-gwajen da suka nuna raguwar nauyi yawancinsu gajeru ne, su kuwa binciken dogon lokaci sun danganta yawan amfani da su da ciwon sukari da ciwon zuciya. Hukumar da kanta ta ce shawarar ba yankakkiya ba ce, saboda irin ruɗanin da aka ambata a sama, kuma ba ta shafi waɗanda da ma suke da ciwon sukari ba. Wata biyu bayan haka, sashenta mai binciken ciwon daji ya sa asfatam cikin jerin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa cutar, amma kwamitin da ke kula da sinadaran abinci ya bar iyakar da aka sani yadda take, watau miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum a yini. Mai kilo 70 sai ya sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 a rana kafin ya ƙetare wannan iyaka. Abin da ba a gardama a kansa shi ne haƙori: tsamin da ke cikin lemon kwalba, da sukari ko ba sukari, yana cinye ɓawon haƙori sannu a hankali.

Farantin ya fi kwalbar laifi

An yi ta ce-ce-ku-ce a kan kwalba, an manta da giwar da ke kwance a kan faranti. Salon abincin gaggawa ya bunƙasa ne a Amurka, inda a 1948 wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suka tsara dafa abinci kamar aikin masana'anta a garin San Banadino, daga baya Ray Kroc ya baza shagunan tun daga 1955. A Nijeriya kamfanin UAC ya buɗe Mr Bigg's a Ikko a 1986, Tantalizers ya zo a 1997, Chicken Republic a 2004, KFC kuma ya shigo a 2009. Abin da a da yake na ranar albashi ko yawon salla, ga ma'aikata da ɗalibai da yawa ya zama abincin rana.

Matsalar irin wannan abinci ita ce mai. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, alhali giram ɗaya na sitaci ko na abin gina jiki 4 ne kacal. Dankalin da aka dafa da ruwa ba shi da wani nauyi, amma in aka yanka shi sirara aka tsoma a tafasasshen mai, ƙarfinsa sai ya ninka wajen sau uku. Babban burodi mai nama biyu a tsakiya, irin wanda ake kira Big Mac, ya haura kalori 500, babban ƙunshin soyayyen dankali ya kusa 500, in aka haɗa da lemo mai rabin lita an zarce 1,200. To, wanda ya musanya lemon da marar sukari ya tsira da 200, saura 1,000 suna nan daram, kusan rabin abincin yini a zama ɗaya. Kafin ya ƙone su sai ya yi tafiyar ƙasa ta fiye da awa uku cikin sauri. Wani ma, da ya ga ya yi tsimin sukari a kwalba, sai zuciya ta ba shi izinin ƙara yankan kaza ko ɗan kek. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Bincike ya goyi bayan wannan lissafi. A 2005 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon bin diddigin matasa fiye da 3,000 a Amurka na tsawon shekara 15. Waɗanda ke zuwa gidan abincin gaggawa fiye da sau biyu a mako sun ƙara kilo 4.5 a kan waɗanda ba sa zuwa ko sau ɗaya a mako, kuma jikinsu ya fi bijire wa insulin, sinadarin da ke sarrafa sukari cikin jini, wanda shi ne mafarin ciwon sukari.

Gwajin da ya fi jan hankali shi ne wanda Kevin Hall ya jagoranta a Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasar Amurka, aka buga a 2019. An kwantar da mutum 20 a cibiyar har mako huɗu. Mako biyu ana ba su abincin da masana'anta ta sarrafa ƙwarai, mako biyu kuma abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya, an daidaita yawan sukari da mai da ƙarfin da aka ajiye a gabansu, aka ce kowa ya ci iya cikinsa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kimanin 500 kullum, suka ƙara kusan kilo ɗaya. A makonnin abincin gida kuwa suka rage kusan kilo ɗaya. An lura cewa na masana'anta sun fi cinye shi da sauri. Abinci ne mai laushi, ba ya bukatar tauna, saboda haka kafin ciki ya aika wa ƙwaƙwalwa labarin ƙoshi, hannu ya riga ya yi ɓarna.

Kada talaka ya ce wannan magana ta masu kuɗi ce. Teburin mai shayi ma gidan abincin gaggawa ne: taliyar Indomie ƙunshi biyu, ƙwai uku a soye cikin mai, burodi da bota, ga kofin shayi da madara da sukari har cokali ya kusa tsayawa. Haka fanke da awara da ƙosan da ake tsamowa daga mai. Zoɓo da kunun zaƙi na gida ne, ba mai musu, amma jiki bai san bambanci tsakanin sukarin da uwargida ta zuba da wanda kamfani ya zuba ba. Kakanninmu sun ci tuwon dawa da miyar kuka, sun sha fura, suka yini a gona. Jikokinsu kuwa suna cin abin da ya fi wancan maiƙo, sa'an nan su hau babur zuwa ofis su zauna.

Gwamnatoci sun fara sa hannu ta fuskar haraji. Meziko ta ɗora wa lemo mai sukari haraji a 2014, Ingila da Afirka ta Kudu suka bi sahu a 2018, Nijeriya kuma, a ƙarƙashin Dokar Kuɗi ta 2021, ta sanya Naira 10 a kan kowace lita, aka fara karɓa a 2022. Masu rajin kare lafiyar jama'a sun ce kuɗin ya yi kaɗan da zai sa mai saye ya ja baya, kamfanoni kuwa suka koka cewa zai taɓa ciniki da ayyukan ma'aikata.

Ga wanda ke son sanin matsayin jikinsa, likitoci suna raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita da aka ninka da kansa. In sakamakon ya kai 25 nauyi ya yi yawa, in ya kai 30 ƙiba ta zama lalura. Alal misali, mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 90 yana da 31, kuma sai ya sauko zuwa kilo 72 kafin ya dawo ƙasa da 25. Wanda ba shi da sikeli kuwa igiya ta ishe shi, bisa shawarar da hukumar tsara ƙa'idojin aikin likita ta Ingila ta bayar a 2022, cewa kada kewayen ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. Sai ya auna tsawonsa da igiya daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita tsakanin haƙarƙari da ƙashin ƙugu. In bakin igiyar biyu ba su haɗu ba, lokaci ya yi da zai je asibiti a auna masa jini da sukari.