Ko Ka Sani? Ɓeran da Ke Farfaɗowa Bayan Minti 18 Babu Iska

Ko ka san akwai ɓeran da za a yanke masa iskar oksijin gaba ɗaya har minti 18, da zarar an mayar masa da ita kuma ya miƙe ya ci gaba da harkarsa? Ɓera ne marar gashi da ke zaune cikin ramuka a Habasha, Kenya da Somaliya, cunkushe da ƴan uwansa inda iska ba ta wadata.

A 2017 masu bincike Thomas Park na Jami'ar Illinois da ke Chicago, da Gary Lewin a Berlin, suka bayyana abin da suka gani. Da aka ɗauke iskar, ɓeran ya suma, bugun zuciyarsa ya sauko daga kusan 200 a minti zuwa 50, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta lalace ba. Ɓeran gida kuwa ko minti ɗaya bai kai ba. Idan oksijin ya yanke, tsami kan taru cikin jiki ya toshe hanyar sarrafa gulukos. Shi kuwa ɓeran marar gashi sai ya koma ga furaktos, sukarin da ke cikin zuma da dabino, wanda ke shiga ta wata ƙofar.

Ɗan Adam bai samu wannan baiwar ba. Zuciya na tsayawa, cikin minti 4 zuwa 6 ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sun fara mutuwa. Ko an dawo da bugun, dangin majiyyaci na bakin ƙofa da tambaya ɗaya: zai farka?

Wani ɓangaren amsar yana cikin ruwan da mutanen Damagaram suka sani tun daga annobar sanƙarau, wanda ake zuƙowa da allura daga ƙashin baya. Daga Nuwamban 2022 zuwa Janairun 2023 kaɗai, mutum 559 aka ƙirga da cutar a jihar Zinder, wato Damagaram. Ruwan garai yake, kimanin mililita 150 a jikin baligi, kuma shi ke zagaye ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin da suka mutu sukan zubar da sinadaransu cikinsa, irin su wanda ake kira NSE, daga nan su ratsa cikin jini, inda aka fi auna su. Idan adadin NSE ya yi ta hawa zuwa kwana na 2 da na 3, ɓarnar ta yi yawa.

Duk da haka likitoci ba sa yanke hukunci da awo guda. Sai an jira aƙalla awa 72, maganin barcin da aka ba majiyyaci ya fita daga jiki, a haɗa da hoton ƙwaƙwalwa da yadda ƙwayar ido ke amsa haske. A ganina wannan jiran haƙƙin majiyyaci ne, domin akwai masu farkawa a makare.