Haƙƙin Naƙasassu A Wuyan Masu Dukiya Da Masu Ofis

Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki wanda Ya halicci bayinSa iri-iri, Ya jarrabi wani da lafiya, Ya jarrabi wani da rashinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako a kan naƙasassu take, watau makafi da guragu da kurame da kutare da masu taɓin hankali, waɗanda yanzu ake kira masu buƙata ta musamman. Kowa ya san yadda muka saba da su. Ran Juma'a mu tarar da su jere a ƙofar masallaci, mu jefa ɗan canji a ƙoƙo, su yi mana addu'a, mu wuce muna jin mun sauke nauyi. To, abin da nake so in bayyana shi ne, haƙƙin da Shari'a ta ɗora mana game da su ya fi wannan canji nesa ba kusa ba, kuma mafi yawansa a hannun 'yan kasuwa da ma'aikatan Gwamnati yake.

Kada wani ya zaci maganar 'yan tsiraru ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2022 cewa mutum 16 cikin kowane 100 na mutanen duniya suna da wata naƙasa mai tsanani. A ƙasarmu kuwa mun san hanyoyin da take zuwa: shan inna, da ƙyanda, da sanƙarau mai kashe ji, da hatsarin mota, da tashin hankali, da tsufa. Wanda ya fita kasuwa da ƙafafunsa da safe bai san da abin da zai komo gida ba.

MATSAYINSU A SHARI'A

Duk almajirin tafsiri ya san dalilin saukar farkon Suratu Abasa. Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, ya zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, alhali yana cikin kiran manyan Ƙuraishawa zuwa ga Musulunci, sai Allah Ya saukar da ayoyi Yana nuna cewa makahon nan ya fi cancantar a fuskance shi. Abin lura a nan, ilmi ya zo nema. Daga bisani ya zama ladanin Manzon Allah tare da Bilalu, kuma sau da dama in za a fita yaƙi shi ake bari ya riƙa limanci a Madina. Watau an ba shi karatu, sa'an nan aka ba shi aiki.

Haka malaman fiƙihu suka fahimta. Sun rangwanta wa naƙasasshe abin da ba ya iyawa, amma ba su zare shi daga cikin mutane ba. Wanda ba ya iya tsayuwa ya yi salla a zaune, in bai iya ba ya yi a kishingiɗe. Limancin makaho ya inganta. A mazhabarmu ta Malikiyya ana karɓar shaidarsa a kan maganar da ya ji, in ya tabbatar da muryar mai ita. Bebe kuwa, ishararsa da ake ganewa tana tsayawa a matsayin magana wajen ciniki da aure da saki. Naƙasa ba ta hana gādo, ba ta hana mallaka.

A kan wannan tafarki magabata suka bi. Aɗa'u ɗan Abi Rabaha gurgu ne mai shanyayyen hannu, ya kuma makance a ƙarshen rayuwarsa, amma shi ne mai fatawar Makka a zamaninsa. Imamu Shaɗibi, wanda har yau makaranta Alƙur'ani suke dogara da littafinsa na ƙira'o'i bakwai, makaho ne. A nan gida ma, Malam Aliyu Namangi na Zariya tun yana ƙaramin yaro ya rasa idonsa, amma wa'azin da ya tsara cikin Imfiraji ya shiga gidajen da malamai masu ido ba su shiga ba. Da iyayen waɗannan sun miƙa musu ƙoƙon bara tun suna yara, wa zai san sunansu yau?

Game da hukuma kuwa, masu tarihi sun ambata cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya yanka wa kutare abin masarufi daga Baitulmali, ya hana su roƙo, ya sa wa makafi 'yan jagora, guragu kuma masu yi musu hidima. A lura da tsarin: sai da aka wadata su kafin a hana su bara. Hukumar da ta kwashe mabarata daga titi ba ta tanadar musu abinci da sana'a ba, ta ɗauki rabin aikin Walidu ne ta bar rabi.

MASU TAƁIN HANKALI

Waɗannan su ne suka fi kowa shan wuya a cikinmu, domin gurgu yana iya kai ƙara, su kuwa ba mai sauraronsu. Shari'a ta ɗauke musu hukuncin ibada muddin hankali bai komo ba, amma ba ta ɗauke musu alfarmar ɗan Adam ba. Dukiyarsu tana nan tasu, waliyyi ne zai tsare ta ya ciyar da su daga cikinta, har ma a Malikiyya shi zai fitar mata da zakka. Saboda haka 'yan'uwan da suka raba gādo suka haɗiye rabon ɗan'uwansu don wai ba ya cikin hayyacinsa, wuta suka ci.

Mutanenmu da yawa, da zarar wani ya fara surutai ko ya daina barci, sai a ce iska ce ko sammu, a kai shi gidan mari. A shekarar 2019 'yan sanda sun buɗe irin waɗannan gidaje a jihohin Kaduna da Katsina, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Babu littafin fiƙihu da ya ce duka magani ne. Ba mu musun addu'a da ruƙiyya ta ayoyin Allah, amma Manzon Allah ya yi umurni da neman magani, kuma Musulmi sun riga mutane da yawa gane cewa wannan ciwo ne: asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashe na masu taɓin hankali.

Yau akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, ban da sassan da ke cikin asibitocin koyarwa. Mutane da dama da aka fid da rai da su sun koma kasuwa da ofis bayan sun dage da shan magani. Haka mai farfaɗiya: ciwonsa ba ya yaɗuwa ta yawu ko taɓawa, kuma galibi magani yana tsayar da shi. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma hana ɗaure majinyaci da mari.

TAIMAKON DA KE AKWAI

Lalle ne mai naƙasasshe a gida ya san inda zai nufa. Akwai asibitin ƙashi na Dala a Kano, inda ake gyaran ƙafa da yin ƙafar roba. Akwai babban asibitin ido da na kunne na Tarayya a Kaduna. Tsofaffi da yawa da ake ja da sanda, yanar ido ce kawai, aikin ɗan lokaci kaɗan yake kawar da ita. Kuturta tana warkewa da magani na wata 6 zuwa 12, kyauta ake ba da shi, kuma in an fara da wuri yatsu ba su guntulewa. Shan inna kuwa, a watan Agusta na 2020 aka shaida cewa asalin ƙwayarta ta daji ta ƙare a Afirka, amma ɗigon rigakafi yana nan wajibi don kada wani nau'inta ya samu ƙofa. Ga kuma makarantun makafi da kurame, irin ta Tudun Maliki a Kano, har Alƙur'ani ma an buga shi da rubutun makafi.

Sa'an nan akwai doka. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga naƙasassu, a 2020 kuma aka kafa Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa. Dokar ta ba su karatu kyauta har sakandare. Ta nemi ma'aikatun Gwamnati su ba su aƙalla gurbi 5 cikin 100 na ayyuka. Ta ce a fara sallamarsu a wurin layi. Ta hana a yi yawon bara da su. Wanda ya nuna musu wariya, tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, kamfani kuwa Naira 1,000,000. Ta kuma ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda keken gurgu zai shiga, wa'adin ya cika a Janairu na 2024. Kowa ya dubi ƙofar ofishinsa, da ta masallacin unguwarsu, ya gaya wa kansa gaskiya.

GA 'YAN KASUWA

Ya kai Alhaji, zakkarka da kake canzawa ƙananan kuɗi ka raba wa mutum ɗari a ƙofar gida, kowa ya ci tuwon dare ɗaya, gobe ya komo. Malamanmu sun halatta a ba matalauci guda abin da zai ishe shi shekara. Ka zaɓi mutum biyu ko uku ka mallaka musu jari: wannan ya sayi keken ɗinki, wancan ya kafa tebur. Sai dai a sani, naƙasa kaɗai ba ta sa mutum cikin masu cin zakka, talauci ne ke sa shi. Don gane mabukaci na gaskiya, ga Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, sarautun da muka gāda, sun san mutanensu gida-gida. Ga kuma hukumomin zakka da waƙafi a Kano da Sakkwato da Zamfara.

Abin da ya fi kyauta ma shi ne ciniki. A Kano waɗanda shan inna ta naƙasa suna da wurin ƙira inda suke yin kekunan guragu da hannunsu. Ka saya a wurinsu. Gurgu yana iya riƙe maka littafin lissafi, kurma yana iya ɗinki da kafinta. Ka ɗauke shi ka biya shi ladan da kake biyan kowa.

GA MA'AIKATA

Kai kuma mai ofis, dokar nan takarda ce kurum sai ka aiwatar da ita. Takardar neman aiki ta makaho mai digiri a teburinka take tsayawa. Kuɗin abincin makarantar kurame ta hannunka yake bi. Tsarin ginin asibiti ko kotu kai kake sa masa hannu, ka ga matakala ba hanyar keke, ka yi shiru. Amana ce, kuma cin amanar mai rauni ya fi muni, domin ba shi da wanda zai tsaya masa sai Allah.

Mu malamai ma da namu. Kurma yakan yi shekara arba'in yana zuwa Juma'a bai taɓa sanin abin da liman ya faɗa ba, alhali kuramenmu suna da maganar hannu tasu, mai fassara ɗaya a gefen sahu ya isa. Iyaye kuma su daina ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki don kunyar maƙwabta. A sa shi makaranta, a koya masa alwala da salla, in ya isa aure a nema masa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinyarsu haƙuri da lada, Ya sa mu sauke haƙƙin da ke wuyanmu tun kafin ranar da za a tambaye mu. Wassalamu alaikum.