Ko Ka Sani? Kujerar da ke Hawa Dutse Bisa Igiya

Ko ka san cewa kujerar nan da ake nunawa a talabijin, tana reto a sararin sama ɗauke da mutane zuwa ƙolin dutse mai dusar ƙanƙara, a wajen dakon ayaba aka samo dabararta?

A shekarar 1936 kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific a Amurka ya gina wurin shaƙatawa a Sun Valley, cikin jihar Idaho, domin jiragensa su samu fasinja lokacin hunturu. Wasan da ke kai mutane can shi ne zamiya: mutum ya ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya sulalo daga kan dutse. Gangarowar ba ta wuce 'yan mintuna. Hawan ne aiki, domin kafin mai wasa ya taka zuwa sama da alluna a kafaɗa, ƙarfinsa ya ƙare, rana ma ta yi nisa. Wani injiniyan kamfanin mai suna James Curran ya san wata na'ura mai ƙugiyoyi da ake lodin ayaba da ita cikin jiragen ruwa a ƙasashen tsakiyar nahiyar Amurka. Sai ya kawo shawarar a cire ƙugiya a rataya kujera. A harabar jiragen kamfanin da ke Omaha aka yi gwaji: aka maƙala kujera a gefen mota, wani ya sa takalmi mai taya ya tsaya, motar ta zo ta kwashe shi, har suka gano saurin da mutum zai iya zama ba tare da an buge masa ƙafa ba. Ƙarshen wannan shekara kujerun farko suka fara aiki.

Mu da muke ƙasar Ɗambatta da Bichi da Makoɗa da Kunci, inda gona ke manne da gona, ido kuma ya yi ta tafiya bai ci karo da tudu ba sai kuka da ɗorawa, za mu ce ina ruwanmu da wannan. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban injin niƙa ya riga ya ga rabin sirrinta. Bel ɗin injin ba shi da farko ba shi da ƙarshe, yana zagaye wili biyu, ɗaya na jan ɗaya. Haka igiyar kujerar take: zobe guda ne na ƙarfe, da babban wili kwance a tashar ƙasa, wani kuma a tashar sama. Injin lantarki na juya ɗaya daga cikinsu, ɗayan kuma ana ta jan sa baya da nauyi ko da ƙarfin matsin mai, don kada igiya ta saki. Tsakanin tashoshin akwai turakun ƙarfe, kowanne da jerin ƙananan tayoyi masu roba da igiyar ke bi ta kansu. Ita kujerar ba ta da inji, ba ta da taya. Hannun ƙarfe ne da ita wanda ya damƙe igiya, inda igiya ta je nan za ta.

Akwai wani sauƙi a nan da ya kamata a lura da shi. Duk kujerar da ke hawa ta wannan gefe, akwai 'yar'uwarta da ke sauka ta wancan, nauyin wannan ya kashe na waccan. Abin da ya rage wa injin shi ne nauyin mutanen da ke zaune da gogayyar tayoyi. Shi ya sa inji guda ke iya aikin da in motoci ne sai an jera su da yawa. Kujera mai cin mutum huɗu, in tana zuwa bayan kowace daƙiƙa 6, cikin awa ɗaya ta kai mutum 2,400 sama.

Igiyar kanta ta girmi kujerar da shekara ɗari. Wani jami'in ma'adinai Bajamushe, Wilhelm Albert, shi ya ƙirƙiro ta a Clausthal wajejen 1834, saboda sarƙar da suke jawo kaya da ita daga rami takan tsinke ba sallama. Sarƙa in zobe ɗaya ya karye, magana ta ƙare. Igiyar ƙarfe kuwa siraran wayoyi ne masu yawa aka tufka suka zama tufka shida, aka sake murɗe su a kan zuciya guda. In waya ɗaya ta katse, sauran na riƙe, mai dubawa kuma zai gani tun kafin abin ya yi nisa. A yau har na'urar maganaɗisu ake bi da ita kan igiyar don gano wayar da ta katse can ciki inda ido ba ya kaiwa.

To yaya ake haɗa bakin igiyar biyu ta zama zobe? Ba a ƙulli, domin ƙulli ba zai wuce ta kan tayoyi ba. Ba a kuma walda. Warware tufkar bakunan biyu ake yi, a saƙa ta wannan cikin gurbin ta wancan, a cire zuciyar igiya a wasu wurare a cusa jelar kowace tufka a madadinta. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce tsawon wannan saƙa ya kai kaurin igiyar sau 1,200, wato igiya mai kaurin milimita 40 sai an saƙa mata mita 48. In an gama, kaurin wurin kusan ɗaya yake da sauran igiyar, kuma duk lokacin da aka ja ta, tufkar ƙara matse juna take yi. Aikin hannu ne, da guduma da ƙarfen soki, masu iya shi kuma ba su da yawa a duniya. A ganina, duk cikin wannan na'ura ba abin da ya kai wannan saƙa ban sha'awa, domin rayukan dubban mutane na rataye a kan haɗin da babu ƙusa ko ɗaya a cikinsa.

Kujerun iri biyu ne. Ta dā hannunta a maƙale yake da igiya dindindin, saboda haka gudunta a tasha ɗaya ne da gudunta a sama, kimanin mita 2 da rabi a daƙiƙa, don an wuce haka mutum ba zai iya zama ba. Ta zamani kuwa, wadda kamfanin Doppelmayr na Ostiriya ya fito da mai cin mutum huɗu a Breckenridge ta Amurka a 1981, in ta shigo tasha wani ƙarfe ne ke buɗe hannunta ta saki igiya, ta bi layin tasha a hankali, mutane su zauna, sannan ta ƙara gudu ta sake damƙa. Igiyar na nan tana gudunta na kusan mita 5 a daƙiƙa. Sifirin mai ƙarfi ne ke riƙe hannun a rufe, saboda haka buɗe shi ne ke bukatar ƙarfi, ko wuta ta ɗauke ba zai saki ba.

Daga nan dokokin hawa suka fito, kuma in ka fahimci cewa igiya ba ta jiran kowa, ba sai an yi maka dogon bayani ba. Ka tsaya a kan layin da aka zana, sandunanka a hannu ɗaya, ka waiwaya ka ga kujera na zuwa. In ka zauna, ka matsa har bayanka ya taɓa majingina, a sauke ƙarfen kariya bayan an sanar da na kusa. Jakar goyo a cire ta a ɗora bisa cinya, gyale ko rawani ko duk wani abu mai reto a tattare shi, domin abin da ya sarƙe a kujera lokacin sauka zai ja mai shi. Ba a lilo da kujera, ba a tsalle daga kanta ko da ƙasa ta yi kusa, saboda girgizar na iya fitar da igiya daga kan tayoyi. Abin da ya faɗi a bar shi. Ƙaramin yaro da babba yake hawa. A tashar sama ka ɗaga ƙarfe, ka miƙe a daidai wurin, ka kauce da sauri, don wata kujerar na tafe a bayanka.

Da zarar an sauka, wata dokar ce ke aiki. A Turai launi ake sa wa hanyoyin gangarowa: kore ko shuɗi na masu koyo, ja na waɗanda suka iya, baƙi na gwanaye. Wanda ke gabanka shi ke da hanya, tunda ba shi da ido a ƙeya, kai ne za ka kauce masa. Ba a tsayawa a ƙunci ko bayan tudu. Wurin da aka kange da igiya kuwa ba a ƙetarawa, domin a can ne dusar ke zaftarowa ta binne mutum, musamman bayan sabuwa ta zuba a kan tsohuwa. Yanayin ma ba ɗaya ba ne daga safe zuwa yamma: dusar da rana ta narkar, dare ya daskarar, da safe ta zama santsi mai tauri, da azahar ta koma caɓi. Kowace mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Abin da ya fi tsayar da kujera shi ne iska, shi ya sa ake kafa ma'aunin iska a kan turaku. In ta yi ƙarfi a rage gudu, in ta ƙara a rufe.

Ba sai an je Turai ake ganin wannan ba. A Maroko, kudu da birnin Marrakesh, akwai Oukaimeden a kan duwatsun Atlas, mita 2,600 daga doron teku, inda aka kafa kujera mai haurawa sama da mita 3,000. A can har yau akan ga alfadarai da jakuna na ɗaukar baƙi da allunansu zuwa gindin gangare, in dusa ta narke kuma makiyaya su hauro da garkensu a watan Agusta, lokacin da al'ada ta yarda a buɗe makiyayar. A Lesoto akwai wurin zamiya mai suna Afriski, hunturunsu daga Yuni zuwa Agusta, daidai lokacin da muke noman gero. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Dubai sun san Ski Dubai, wanda aka buɗe a 2005 cikin babban kanti, da dusar da inji ke yi da kujerarsa. Alhazai da masu Umara da suka leƙa Ɗa'ifa sun ga 'yar'uwarta mai rufaffen ɗaki tana sauka daga Al-Hada. A nan gida babu dutsen da ke samun dusa, har Chappal Waddi na jihar Taraba mai tsawon mita 2,419, wanda ya fi kowanne. Amma a Obudu ta jihar Kuros Riba an kafa mai ɗakin a 2005, zamanin Gwamna Donald Duke, tsawon kusan kilomita 4, ko da yake ta sha tsayawa na dogon lokaci saboda rashin gyara.

Maganar gyara ita ce ta fi damuna. Masu ƙera na'urar sun yi mata kariya iri-iri: birki a jikin inji, wani birkin a kan babban wili, abin hana ta juyawa baya, injin dizal na ko-ta-kwana, da wani siririn ƙarfe a kan kowane turke da ke karyewa ya yanke wuta in igiya ta goce. Duk da haka, a Gudauri ta ƙasar Jojiya a watan Maris na 2018, kujeru sun juya baya da gudu suna watsar da mutane a tashar ƙasa, bincike kuma ya ɗora laifin a kan kuskuren mai sarrafawa bayan wuta ta samu matsala. Hatsarin mai rufaffen ɗaki da aka yi a Mottarone ta Italiya ya fi muni. Ranar 23 ga Mayun 2021 igiyar ja ta tsinke, birkin gaggawa kuma an riga an toshe shi da wani ƙarfe don yana yawan tsayar da aiki. Mutum 14 suka rasu, yaro ɗaya ya tsira. Birkin da ke damun mai aiki da tsayawa, magana yake yi masa cewa akwai matsala. Wanda ya toshe shi don kada ciniki ya tsaya ya ci amanar duk wanda ya sayi tikiti.

Na'urar ba ta bar asalinta na dako ba. A gonakin ayaba har yau a kan waya ake turo kaya zuwa wurin wanki. A Nefal manoman kan dutse na sauke tumatir da kayan lambu a kan igiya marar inji, nauyin kwandon da ke sauka shi ke jawo wanda ke hawa da gishiri da taki. Birnin Medellin na Kolombiya ya mayar da ita motar haya ta unguwannin talakawa a 2004, La Paz ta Bolibiya ta bi sahu a 2014. A ƙauyukan arewacin Pakistan mutane da kansu suke ƙera ta don ƙetare kwari, kuma a irin wannan ce mutum 8, akasarinsu 'yan makaranta, suka wuni a rataye a Battagram cikin Agustan 2023 bayan igiya ta tsinke, kafin Allah Ya sa a ceto su duka.

A shimfiɗaɗɗiyar ƙasarmu amalanke da jaki da a-kori-kura sun fi ta amfani, ba kuma zan ce a kawo mana ita ba. Inda ta dace shi ne wurin da hanya ke nannaɗe dutse, irin Mambila da Obudu, kuma ko a can sai an tanadi kuɗin gyara da masu duba igiya tun kafin a kafa turken farko. Kai kuma mai karatu, in tafiya ta kai ka Ɗa'ifa ko Dubai ko Maroko, ka hau ka ga ikon Allah, amma ka tattare babbar rigarka, ka zauna sosai, ka riƙe yaronka, ka bi abin da ma'aikacin tasha ya ce maka.