An Cire Zare, Amma Ƙarfi Bai Dawo Ba

A yawancin gidajen ƙasar Hausa, ranar da aka cire wa majinyaci zaren ɗinki ita ce ranar da ake ɗauka ya warke. Kafin wannan rana kowa lallaɓa shi yake yi, 'yan dubiya na ta sintiri da lemo da madara, ana gyara masa filo ana yi masa sannu. Da zarar an dawo daga asibiti aka ga bakin ciwon ya haɗe ya bushe, sai gaisuwa ta sauya daga "yaya jiki?" ta koma "ai jiki ya yi kyau, sai hamdala." Shi kuwa mai jikin, ko magidancin da aka yanke wa wani sashe na hanji ne, ko matar da aka cire wa ƙari a mahaifa, shi ya san abin da yake ji. Tsakanin ɗaki da banɗaki sai ya tsaya ya dafa bango. Wanka kaɗai kan mayar da shi shimfiɗa har azahar. Idan ya yi ƙorafi a ce son jiki ne, ko a ce daɗin kwanciya ya ji, sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Wani ma har ya fara zargin kansa da ragwanci.

Ba son jiki ba ne. Likitoci sun daɗe da auna wannan gajiya, sun kuma san daga inda take tasowa.

A farkon shekarun 1980, wani likitan tiyata ɗan ƙasar Denmak mai suna Henrik Kehlet da abokin aikinsa Christensen suka riƙa tambayar majinyata su kimanta gajiyarsu daga ɗaya zuwa goma, kafin a yi musu aiki da kuma makonnin da suka biyo baya. Sun gano cewa cikin mutanen da aka yi wa babban aiki, aka kuma gama lafiya ba tare da wata tangarɗa ba, kusan mutum ɗaya cikin uku yana fama da matsananciyar gajiya har tsawon watan farko. Sun kuma gano abin da ya saɓa wa zancen da aka saba ji a bakin masu jinya, wato "allurar barcin ce ba ta sake shi ba." Tsawon lokacin da mutum ya yi a sume a ɗakin tiyata ba shi ne ke nuna irin gajiyar da zai sha ba. Girman yankan da yawan abin da aka taɓa a cikin jiki su ne ke nunawa. Maganin barcin kan fice daga jiki cikin kwana ɗaya ko biyu, gajiyar kuwa ta zauna.

Wanda ya fara bin diddigin abin da ke faruwa a ciki shi ne David Cuthbertson, a wani asibiti da ke birnin Gilasgo na ƙasar Sukotland, wajajen 1930. Majinyatansa masu karayar ƙafa ne, kuma abin da yake aunawa shi ne fitsarinsu. Ya tarar suna zubar da sinadarin naitirojin mai yawa, wanda alama ce ta narkewar tsoka, kuma yawan ya wuce abin da kwanciya kawai ko ƙafar da ta karye za su iya jawowa. Ashe jikin gaba ɗaya ne ke cin naman kansa. A 1942 ya bayyana cewa abin hawa biyu ne: da farko jiki kan yi sanyi ya lafa na ɗan lokaci, daga nan sai ya zabura, zafinsa ya tashi, bugun zuciya ya ƙaru, ya shiga ƙona abin da ya tara.

Jiki bai san bambanci tsakanin wuƙar likita da haɗarin mota ba. Da ya ji yanka, sai ya saki sinadaran da yake saki a lokacin firgici, sukari ya hau a cikin jini ko ga wanda ba shi da ciwon sukari, hanta ta karkata ga ƙera kayan yaƙi da ƙwayoyin cuta, a riƙa warware tsokar cinya da ta dantse ana kai wa wurin ciwon kayan gyara. Ƙwayoyin garkuwar jiki kuma suna fitar da wasu sinadarai da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, su kashe sha'awar abinci, su kawo kasala da son kaɗaici, irin dai abin da mai zazzaɓi ke ji. Lamarin ya yi kama da na magidancin da larura ta afka wa gidansa ya shiga sayar da tumakinsa ɗaya bayan ɗaya. Ko larurar ta wuce, turke ba ya cika a mako guda. Francis Moore, likitan tiyata na birnin Boston a Amurka, ya nuna a shekarun 1950 cewa murmurewa matakai huɗu ce: kwanakin rauni, sai ranar da majinyaci ke juyowa ya nemi abinci da hira, sai makonnin sake gina tsoka, sai na ƙarshe, lokacin da ƙiba ke dawowa, wanda kan ɗauki watanni. Sallama daga asibiti galibi tana zuwa ne a mataki na biyu. Sauran biyun a gida ake yin su, inda babu likita.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin nauyi, shi ne ƙarancin jini. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Ke nan mace ta shiga ɗakin tiyata da giɓi tun daga gida, sannan a aikin ciro jariri tana iya rasa jinin da ya kai kusan lita guda, ga shayarwa na jiran ta. Nas takan sa ɗan yatsa ta ja fatar idon mai jego ƙasa, ta duba tafin hannunta, idan ta ga wurin da ya kamata ya yi ja ya koma fari fat, ta san dalilin jirin da hakin. Leda ɗaya ko biyu ta ƙarin jini tana fitar da mutum daga haɗari ne kawai, ba ta mayar da abin da jiki ya rasa na sinadarin ƙarfe. Shi ya sa likitoci ke cewa a ci gaba da shan ƙwayar ƙarin jini kamar wata uku bayan awo ya nuna jinin ya daidaita. Da yawa kan watsar da ita a mako na biyu saboda tana sa bayan gida ya yi baƙi ko ya yi tauri, alhali baƙin ba illa ba ne. Shayin da ake ɗura wa majinyaci safe da yamma kuwa yana rage shigar sinadarin ƙarfe cikin jiki idan aka haɗa shi da abinci ko da ƙwayar, lemon zaƙi da gwaiba su ne ke taimaka masa.

To, ko maganin gajiyar shi ne a kwanta a miƙe ƙafa har ƙarfi ya dawo? Nan ne masu tausayi ke yin nasu kuskuren. A 1966, a birnin Dallas na Amurka, masu bincike suka kwantar da wasu samari biyar 'yan shekara 20, lafiyayyu, na tsawon mako uku ba tare da sun taka ƙasa ba. Da suka tashi, ƙarfin zuciya da huhunsu na ɗaukar aiki ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake nemo mutanen nan biyar, sun zama 'yan hamsin, aka auna su, sai aka tarar shekara talatin ta tsufa ba ta yi musu ɓarnar da mako ukun nan na kwanciya ya yi ba. Ga tsofaffi abin ya fi sauri. Wani binciken da aka wallafa a 2007 ya nuna dattawa masu lafiya da suka kwanta kwana goma sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafunsu. Tsohon da 'ya'yansa suka hana shi ko ɗaukar buta don ƙauna, ƙaunar ce ke ƙara kassara shi.

Kehlet ɗin nan shi ne ya jagoranci sauya salon jinya a shekarun 1990. A tsarinsa ana kashe zafin ciwo sosai ba tare da dogaro da magunguna masu sa maye ba, a ba majinyaci abinci da wuri, a cire masa robobin da ba dole ba, a tashe shi tsaye tun ranar aikin ko washegari. A 1999 ya ba da rahoton majinyatan da aka yanke wa wani sashe na babban hanji suka koma gida bayan kwana biyu, a zamanin da irinsu kan yi mako guda ko fiye a gado. Wanda ya taɓa jinya a ɗakin 'yan tiyata ya ga guntun wannan tsari ko bai san tarihinsa ba. Nas ta zo da safe ta ce, "Baba, yau za mu tashi." Ta juya shi ta gefe, ya zuro ƙafafu ƙasa, ya zauna a bakin gado har jirin ya wuce. Ta miƙa masa filo ya danne cikinsa kafin ya yi tari. Ya tako zuwa ƙofa yana gumi, 'yarsa riƙe da ledar ruwa a sama tana cewa "Sista, a bar shi haka, ya gaji." Wannan takun ne ke buɗe huhu, ya motsa hanji, ya hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa.

Sai dai tafiya daban, aikin ƙarfi daban. Fatar waje kan haɗe cikin kwana bakwai zuwa goma, amma ɗinkin ciki, wanda ke riƙe da bangon ciki, a mako na uku bai wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa ba, kuma ko bayan wata uku iyakarsa kamar kashi 80 cikin 100. Daka, jan ruwa a rijiya, ɗaukar jarka ko buhu, tuƙa babur a hanya mai gargada, duk suna iya buɗe ɗinkin daga ciki, bayan watanni a ga kumburi ya ɓullo a kan tabon, a sake komawa ɗakin tiyata. Shi ya sa ake cewa a yi kamar mako shida ba a ɗaga abu mai nauyi ba. Wadda aka cire wa mahaifa ta hanyar buɗe ciki kan buƙaci mako shida zuwa takwas, mai aikin zuciya kuwa kusan wata uku.

A nan al'ada ta yi wa mai jego gata. Kwana arba'in da ake ba ta, a gidan iyaye ko da wata dattijuwa a kusa, ya yi daidai da mako shidan likitoci. Matar da aka cire wa ƙari ba ta da arba'in, ba ta da mai zaman ɗaki, ga yara ga girki. Ɗan dako ko mai Adaidaita Sahu da aka yi wa aikin gwaiwa shi ma haka, ya ci bashi ya biya kuɗin aiki, kuma duk ranar da bai fita ba tukunya ba ta hau wuta ba. Ko ma'aikaci mai albashi, dokar ƙwadago ta Najeriya kwana 12 na aiki kacal ta tanadar masa a shekara na hutun rashin lafiya da biya. Dangin da suka yi karo-karo aka biya asibiti, da za su ware wani abu na cefanen wata guda bayan sallama, da sun ceci ɗinki da yawa.

Abincin ma yana son gyara. Kunu da lemon kwalba da burodi suna cika ciki, amma tsoka ba ta ginuwa sai da wake, ƙwai, kifi, nama, hanta, nono, gyaɗa, awara, kaɗan-kaɗan sau da yawa tunda ci ya ragu. Barci kuma kan rikice na kwanaki bayan aiki, don haka 'yan dubiyar da ke cika ɗaki har bayan isha'i suna hana majinyaci abin da ya fi lemonsu amfani. Idan watan azumi ya riske shi a wannan hali, addini ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya, kamar yadda ya halatta masa salla a zaune.

Gajiyar murmurewa tana da alama guda: a hankali take raguwa. Yau da gobe na iya bambanta, ranar da aka yi zirga-zirga washegari a kwana a gajiye, amma wannan makon ya kan fi na baya. Wadda ke ƙaruwa wata aba ce daban, kuma a Afirka ba a wasa da ita. A 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa binciken da Bruce Biccard na Afirka ta Kudu ya jagoranta a asibitoci 247 na ƙasashe 25, har da Najeriya da Nijar, kan majinyata 11,422. Kusan ɗaya cikin biyar ya samu matsala bayan aiki, kuma duk da cewa sun fi takwarorinsu na wasu nahiyoyi ƙuruciya, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran duniya. Yawancin waɗanda suka rasu ba a kan teburin tiyata suka rasu ba, a kwanakin da suka biyo baya ne, lokacin da ake ganin an tsallake.

Saboda haka zazzaɓi, ko ciwon da ya yi ja yana fitar da mugunya, ko ƙafa ɗaya da ta kumbura tana zafi, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, ko zubar jini, ba abin jira sai ranar komawa asibiti ba ne. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ta kasa kwanciya sai ta tara filo, tana tari da dare, a kai ta a duba zuciyarta, domin raunin zuciya bayan haihuwa ya yawaita a arewacin Najeriya, tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka yi rubutu a kansa. Wanda kuma aka kai wata uku gajiyarsa na nan yadda take, ya koma wurin likitansa ya faɗi iya tazarar da yake iya takawa kafin ya tsaya, a auna yawan jininsa da sukarinsa, a duba zazzaɓin cizon sauro da aikin ƙoda, a kuma tambaye shi ko yana barci, ko yana kuka shi kaɗai, domin ciwon damuwa kan biyo bayan babbar tiyata, kuma shi ma yana da magani.